Yadda Bashi Ya Fara Cin Gidaje a Kafanchan

Kafanchan gari ne da albashi ya gina. Kafin layin dogo ya iso daga Fatakwal a 1927 ya rabu biyu a nan, reshe ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos, ƙauyukan Fantswam da Kaninkon ne a wurin da gonakinsu. Jirgi ne ya kawo direbobi da 'yan wuta da makanikai da akawuna da leburori daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, har Sarkin Jama'a ya taso da fadarsa ya dawo garin a 1933. Duk inda aka tara masu jiran ƙarshen wata kuwa, an tara masu cin bashi. Mu da muka yi wayo a garin cikin shekarun 1970 mun taso mun tarar kowane mai kanti yana da littafinsa, haka mahauci, haka tela, haka mai tuwo a bakin tasha. Matar ma'aikacin reluwe za ta aiko yaro ya karɓo gari da manja da sabulu, a rubuta. Ranar biya 'yan kasuwa su yi sammako su tsaya kusa da ofis, kowa ya karɓi nasa, a ja layi a kan shafin, a buɗe sabo. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a Kafanchan ta wancan lokaci babu mai jin kunyar a ga sunansa a littafi. Abin kunya shi ne wata ya mutu ka bi ta bayan loko don kada mai kanti ya gan ka.

Gida kuwa ba ya shiga wannan lissafi. Yawancin gidajen unguwannin Takau da Aduwan da Garaje ba da kuɗin banki aka gina su ba. Mutum zai sami fili a hannun masu ƙasa, a gaban mai unguwa da dattawa biyu ko uku, ya buga tubali da rani, ya tayar da ɗaki biyu, ya jira kwasar adashi ya sayi kwano. Da ariyas ɗin ƙarin albashi na Udoji ya fito a 1975, gidaje da yawa sun sami rufi a shekara guda. Sauran ɗakunan sai an yi ritaya an karɓi giratuti. Takardar gwamnati babu. Shaidar mallaka ita ce kowa a unguwa ya san wanda ya zuba gumi a wurin. Banki ba ya karɓar irin wannan gida a matsayin jingina, saboda haka talaka ba ya samun rance mai kauri. Amma wannan rashin takardar ne kuma ya tsare gidan, domin abin da banki bai riƙe ba, ba shi da hanyar sayar da shi.

Ba wai mutane ba sa karyewa ba ne. Suna karyewa ƙwarai. Falke ya yi lodin doya jirgi ya makara ta ruɓe, ɗan kwangila ya yi aiki biya ya ƙi fitowa, manomi ya ci bashi da damina fara ko fari su cinye gonar. Abin da ake yi shi ne a zauna. A cikin gari zauren mai unguwa ne ko na liman. A Kagoro da Zonkwa da Kwoi gidan babban dangi ne, ko dattawan ikilisiya bayan sujada. A kira duk masu bin sa, kowa ya faɗi nasa a gaban kowa, a lissafa abin da ya rage masa: keke, rediyo, akuyoyi, buhunan da ke rumbu. A sayar da abin da za a iya sayarwa, a raba gwargwadon abin da kowa yake bi. Wanda Allah ya hore wa ya ce ya yafe rabi. Ƙanen mutumin ko surukinsa ya miƙe ya ce, "Baba, na tsaya masa, in kaka ta yi ku zo wurina." Na sha zama a bayan manya ina sauraron irin wannan zama, kuma ban taɓa jin wani ya buɗe baki ya ce a sayar da ɗakin da iyali suke kwana ba. Wanda ya faɗi haka, shi za a koma yi wa faɗa.

In bashin ya yi nauyi, gona ake jinginarwa. Mai kuɗi ya riƙa nomawa yana cin amfani, mai gona kuma duk ranar da ya kawo kuɗin sai a mayar masa, ko bayan shekara ashirin ne, ko bayan ya mutu ɗansa ne ya kawo. Haka ake yi a ƙasar Bajju da Atyap da Ham, haka ake yi a ƙasar Hausa, kuma Kotun Ƙoli ta Najeriya ta tabbatar a 1974 cewa jinginar gargajiya ba ta rikiɗa ta zama ciniki saboda daɗewa. Hikimar da ke ciki babba ce: mai bin bashi bai yi asara ba, wanda ake bi kuma ƙofar dawowa ba ta rufe masa ba.

Addinan garin biyu duk sun ƙarfafa wannan hali. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi, kuma masu bashi suna cikin mutum takwas da ake ba zakka. Alƙalan da suka karanta littattafan fiƙihu na Risala da Muhtasar sun san babin wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa: a hana shi taɓa dukiyar, a raba wa masu bin sa daidai da rabonsu, a bar masa abin ci da tufafin iyalinsa. Fiƙihun Malikiyya ya yarda a sayar da gida, amma ya ce a yi jinkiri kamar wata biyu ana neman farashi mai kyau, kada a yi gaggawar karyar da shi. A ɓangaren Kirista, Littafin Maimaitawar Shari'a ya hana a karɓi dutsen niƙa jingina domin da shi mutum yake ci, ya kuma yi umarnin yafe bashi duk shekara ta bakwai. Liman da fasto ba su yi taro sun daidaita a kan wannan ba, amma abin da suke faɗa wa mabiyansu ɗaya ne.

Kada dai mu shafa wa jiya zuma fiye da kima. Akwai yarinyar da aka aurar ba da sonta ba don a toshe bakin mai bin ubanta. Akwai mai ba da rance da ruwa wanda yake karɓar buhu biyu da kaka a kan buhu ɗaya na damina. Sannan akwai bashin da ba ya jin roƙo, wato haraji. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda dogarai suke zaunar da magidanci a rana a gaban matansa da 'ya'yansa, da yadda samari suke gudu zuwa haƙar kuza a Godogodo da Bukuru don su samo kuɗin haraji. Mutanen kudancin Kaduna sun daɗe da wannan miki, kuma yana cikin abin da ya ɓata tsakaninsu da hakiman da ake turo musu. Shi ya sa da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali bayan hawansa mulki a watan Oktoba na 1979, murnar ta kai har ƙauyen da ko tutar jam'iyyarsa ta PRP ba a taɓa kafawa ba.

A wannan shekarar ce kuma, 1979, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar karayar arziki ta mutum ɗaya, doka mai lamba 16. Babu wanda ya yi zancenta a tasha ko a kasuwa. Shekara guda kafin nan an kafa dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filaye a hannun gwamna, ta kuma ce ba a jinginar da filin cikin gari sai da amincewarsa. Daga nan takardar shaidar mallaka ta zama abin nema, domin ita ce mabuɗin ƙofar banki. Waɗannan dokoki biyu su ne suka canza dangantakar mutum da gidansa, ko da yake sai da aka ɗau shekaru kafin mu gane.

Abin da ya fallasa su shi ne tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Naira ta faɗi, a 1987 aka sake wa bankuna mara su sa kuɗin ruwan da suka ga dama, a 1988 hukumar jiragen ƙasa ta durƙushe aka rage ma'aikata. Garin da yake numfashi da ƙarshen wata sai ya wayi gari wata yana mutuwa babu biya. Littattafan masu kanti suka cika ba a ja layi ba, su ma masu kantin manyan 'yan kasuwar da suke ba su kaya suka fara matsa musu.

A cikin wannan yanayi ne wani kawuna ya rasa gidansa. Fataucin citta yake yi, yana saye busasshiya a Kwoi da Kachia yana kaiwa Legas. Ya yi ta zirga-zirga Kaduna har ya fitar da takardar gidansa, ya kai wani banki ya karɓi rance don ya ƙara jari. Kuɗin ruwa ya hau, farashin citta ya sauka a shekarar da ya fi zuba kuɗi, wani wanda ya ba kaya a Legas kuma ya ɓace. Da wasiƙar banki ta zo, dangi suka yi abin da suka gada: suka zauna, aka sayar da shanu biyu da babur, mata suka kawo kwasar adashinsu, aka ɗauki dattawa aka tafi wurin manaja. Manajan yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe su. Ya ce, "Baba, wallahi ba ni da iko, maganar ta wuce hannuna, tana hedikwata." Gaskiya ya faɗa. Takardar da Kawu ya sa wa hannu ta ba bankin ikon sayar da gidan ba tare da ya je kotu ba, kuma a hedikwata babu wanda ya san Kawu ko ubansa. Aka yi gwanjon gidan a kan kuɗin da bai kai darajarsa ba, aka ce har yanzu da saura. Ya ƙare rayuwarsa a ɗakin haya, yana ɗan dillancin citta a bakin kasuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba maƙaryaci ba ne, ba kuma almubazzari ba. Ciniki ne ya juya masa baya, kuma babu wata doka da ta tambayi dalili.

Da na girma na karanta dokar 1979 ɗin, wadda aka yi wa gyara a 1992 kuma har yau ita ce ke aiki, na so in ga ko akwai ƙofar da Kawu bai ƙwanƙwasa ba. Dokar ta ce wanda yake bin mutum naira 2,000 zai iya neman kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye, shi ma mai bashin zai iya kai kansa. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai take sauraron wannan ƙara, saboda haka mutumin Manchok ko Gidan Waya sai ya ɗauki lauya ya nufi Kaduna, shi da ba shi da kuɗin mota. In an ayyana shi, dukiyarsa ta koma hannun wani amintacce da zai sayar ya raba. Abin da aka ce a bar masa shi ne kayan sana'arsa da tufafi da shimfiɗa, su ma zuwa wani ɗan ƙaramin kima. Gidan da iyalinsa suke ciki ba ya cikin abin da aka keɓe. Wanda ya riƙe takardar jingina kuma yana nan da ikonsa. Bayan haka tsarin mulkin 1999 ya hana wanda bai fita daga wannan hukunci ba tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. To wa zai kai kansa? Shi ya sa za ka yi shekaru kana yawo a kudancin Kaduna ba ka haɗu da mutum ɗaya da ya bi wannan hanya ba. Dokar da ma'aikatan kotu suke bi wajen kwashe kayan wanda aka yanke wa hukuncin biya ma, wadda aka gada tun zamanin Turawa, kayan naira 10 ta ce a bar wa mutum.

Shi kuwa mai bin bashi, hannunsa ya yi ta tsawo. An kawo lambar BVN a 2014, ta haɗa duk asusun mutum wuri guda. Daga 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar su ɗebi kuɗin wanda ya kasa biya daga kowane asusu nasa a kowane banki. Hukumar KADGIS ta sauƙaƙa fitar da takardar fili a jihar Kaduna, abin da yake da amfani ƙwarai, amma ma'anarsa ita ce gidaje da yawa yanzu sun zama abin da za a iya jinginarwa a kuma sayar. Ga masu ba da rance ta waya, waɗanda in ka makara kwana biyu sai su aika wa fastonka da surukarka saƙo cewa kai ɓarawo ne. Ga masu kai ƙarar bashi ofishin 'yan sanda, alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a kan saɓa alkawarin ciniki. Ban ce kada a bi bashi ba. Kuɗin da banki ya bayar ajiyar wasu talakawan ne, kuma wanda ya ci da niyyar ƙin biya ya cancanci a matse shi. Amma a 2020 ɗin ne kuma aka sabunta dokar kamfanoni, aka ba kamfanin da ya shiga matsala damar ya zauna da masu bin sa a tsara masa biya, a ceto shi kafin a rufe shi. An tausaya wa kamfani, an bar magidanci da dokar 1979.

Albashin da ya gina garin shi ma ya zama abin jingina. Ma'aikacin gwamnati yana karɓar rance a kan albashinsa, a riƙa cirewa tun kafin kuɗin ya shigo hannunsa. Dokar ƙwadago ta ce abin da mai aiki zai cire daga ladan ma'aikaci a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, amma da kuɗin ya faɗa asusu, banki da ƙungiyar gama-kai da mai rancen waya kowa sai ya ɗebi nasa, wani ya koma gida da abin da bai isa cefanen mako ba. Da gwamnatin jiha ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji a 2017 aka sallame su, da kuma aka rage dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi a 2021, da yawansu sun fita da rance a wuya. Albashi ya tsaya, kuɗin ruwa bai tsaya ba.

Akwai wani haƙƙi da irin waɗannan mutane suke bari a baya ba su sani ba. Harajin da ake cirewa daga albashi ana lissafa shi ne kamar mutum zai yi aiki wata goma sha biyu. Wanda aka sallama a tsakiyar shekara sau da yawa an cire masa fiye da abin da ya hau kansa, kuma doka ta yarda ya nemi a mayar masa da rarar. Haka kuɗin ruwan rancen da mutum ya gina gidan da yake zaune a ciki, ana rage shi daga kuɗin da ake yi wa haraji. Mu da iyayenmu suka san haraji a matsayin abin da ake gudu, ba mu saba da tunanin cewa hukuma za ta iya mayar da canji ba. A Amurka miliyoyin mutane suna karɓar wannan rara duk shekara, har takan zama abin jayayya a kotun karayar arziki, ko ta mai bashi ce ko ta masu bin sa. Sabuwar dokar harajin da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara. Wato hukuma ta yarda akwai wani kaso na abin da mutum yake samu da bai kamata a taɓa ba. In mai karɓar haraji ya amince da haka, ban ga dalilin da zai sa a ƙyale mai bin bashi ya kwashe asusu tas ba.

Ƙasarmu kuma ƙasa ce da mutum yake karyewa ba da laifinsa ba. Kasuwar Kafanchan ta ƙone a rikicin bayan zaɓen Afrilu 2011, Musulmi da Kirista suka wayi gari da toka a maimakon kayan da suka karɓo bashi. Ƙauyuka nawa aka tasa aka bar amfanin gona a daji? A daminar 2023 cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, ta ruɓar da ita a cikin ƙasa, aka kiyasta asarar da ta haura naira biliyan 12. Iri kaɗai na citta jari ne mai nauyi, kuma mutane da yawa da rance suka shuka. Dangin da a da za su tsaya wa mutum, su ma cutar ta cinye tasu gonar.

Wasu ƙasashe sun yi wa wannan matsala tanadi. A Ingila wanda aka ayyana ya karye yakan fita daga hukuncin bayan shekara ɗaya ya sake sabuwar rayuwa. A Amurka mai albashi zai iya riƙe gidansa a tsara masa biya cikin shekara uku zuwa biyar, jihohi irin su Texas da Florida kuma sun kare gidan zama daga yawancin masu bin bashi. A Afirka ta Kudu, bayan an sayar da gidan wata mata a kan bashin rand 250, kotun tsarin mulki ta yanke hukunci a 2004 cewa ba a sayar da gidan zama sai alƙali ya duba halin da mai shi yake ciki. Kenya ta sabunta tata dokar a 2015. Duk wanda ya taɓa zama a zauren mai unguwa a Kafanchan zai gane waɗannan tanade-tanade, domin abin da dattawanmu suke yi ne aka rubuta aka ba shi ƙarfin kotu: a tara masu bi wuri guda, a raba da adalci, a bar wa mutum wurin kwana da abin sana'a, a sa ranar da maganar za ta ƙare.

Tsarin mulki ya sa dokar karayar arziki a hannun Majalisar Tarayya kaɗai, saboda haka kirana ga sanatan Kaduna ta Kudu ne da 'yan majalisar wakilanmu. Ku ɗauko dokar 1979 ku sake ta. A keɓe gidan zama mai matsakaicin kima, a hana sayar da shi sai alƙali ya saurari mai shi, a bar wa ma'aikaci aƙalla mafi ƙarancin albashi a asusunsa, a kuma ba kotun da ke Kafanchan ikon sauraron ƙaramin mai bashi. Kai kuma ɗan'uwa, kafin ka miƙa takardar gidanka ga kowa, ka kai wa lauya yarjejeniyar ya karanta maka ita da Hausa, ka kuma zauna da matarka ku yi shawara.